Masana Dutse na Bakin Hanya

Daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, da wuya mutum ya ga dutse mai ƙyalli a bakin hanya ya wuce bai sunkuya ba. Tsintuwar ba laifi ba ce. Abin da ke ɗaure kai shi ne duk wanda ya tsinta nan take ya zama masani, kuma kowane masani da irin ma'auninsa.

Akwai Mai Ido, wanda duk abin da ya haska a wurinsa zinare ne: ya ɗaga shi saitin rana, ya kanne ido ɗaya, kafin ya sauke hannu ya gama lissafin kujerar Makka da ƙarin aure. Akwai Mai Haƙori, wanda ba ya yarda da dutse sai ya cije shi, ya lasa, ya tofa masa yawu ya goge a gefen riga, sannan ya gyaɗa kai ya ce "akwai magana a nan". Mai Waya shi ne ɗan zamani, sai ya ɗauki hoto ya tura wa ƙanen abokin surukinsa da aka ce yana Dubai, amsar kuma ba ta canzawa: "Adana shi." To ya adana, ya koma Mai Ajiya, buhu guda a ƙarƙashin gado yana jiran ranar da ɗan Sin zai yi sallama, bai san uwargida ta zari uku ta kafa murhu ba.

Dillali kuwa daban yake. Duk dutsen da ke hannunka tsakuwa ce. "Haba Malam, kawo in rage maka kaya," in ji shi, da zarar ya shiga aljihunsa kuma ya yi daraja. A zage shi yadda aka ga dama, amma shi kaɗai ne cikinsu ba ya tambayar ido. Yana jinjina nauyi, domin zinare ya ninka ruwa nauyi sau 19, mai kwaikwayonsa ɗin nan rawaya kuwa sau biyar kacal. Yana sa guduma: zinare lanƙwashewa yake yi ya baje, na bogi ya farfashe ya zama baƙin gari. Farin dutsen ƙanƙara yana karce gilashi. Wanda ya yi nauyi, ruwan toka, yana ɓarewa murabba'i-murabba'i, wannan dutsen dalma ne, ɗan'uwan kwallin da ake sayarwa a kasuwa.

Wani zai ce a ƙyale talaka da mafarkinsa, ai babu wanda tsintar dutse ta kashe, kuma masu haƙa sun fi 'yan boko sanin ƙasarsu. Rabin maganar gaskiya ne, sun san jijiyar zinare sarai. Sai dai a 2010 an ga iyakar wannan sani. Duwatsun da aka riƙa kaiwa cikin gidaje ana daka su, ana niƙawa a Dareta, Abare da Bagega a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum, zinare na ciki, dalma ma na ciki. Ƙurar ta hau tabarma da kwanon abinci, yara fiye da 400 suka rasu, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo da magani aka kuma kwashe ƙasar gidajen. Ido bai ga gubar ba, harshe bai ji ta ba.

Mai Ido zai iya ci gaba da lissafinsa, ba ya cutar da kowa sai aljihunsa. Amma Mai Haƙori da Mai Ajiya, don Allah ku daina lasa, ku fitar da buhun daga ɗakin da yara ke kwana.