Fam Ɗaya a Rana, Ga Kuma Ragon Suna

Turawa suna da wata dabarar neman taimako da har yau ban gama gane kanta ba. In za su tara wa mabuƙata kuɗi, ba sa tsayawa a kan "a taimaka saboda Allah". Sai mutum ya ɗora wa kansa wata wahala, ya yi gudun fanfalaki ko ya aske kansa ƙwal, sannan ya bi dangi da abokai su biya shi ladan wahalar, shi kuma ya miƙa wa ƙungiyar agaji.

A 2013, ina karatu a Landan, wahalar da ake yayi ita ce yunwa. Sunan shirin Live Below the Line. A Ostireliya aka ƙirƙiro shi a 2010, ya bazu zuwa Ingila da Amurka. Kwana biyar za ka yi, ci da shanka duka kada su wuce fam 1 a rana, wato kwatankwacin dala 1.25 da Bankin Duniya ya yanka a lokacin a matsayin iyakar matsanancin talauci. Har manyan 'yan fim irin su Ben Affleck da Tom Hiddleston sun shiga a shekarar. Wata Baturiya 'yar ajinmu ce ta zo da takarda tana neman waɗanda za su yi don a tara wa asusun yara na UNICEF. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce mata ni da na yi makarantar kwana, na jiƙa gari da ruwan famfo na kira shi abincin dare, ga azumin wata guda duk shekara cikin zafin Kano, ai wannan hutu ne. Fam ɗaya a lokacin ya kai wajen naira 250. A gida a wancan zamanin, da kuɗin nan har mai shayi sai ya gaishe ka. Nan take na sa sunana.

Ranar Lahadi na cusa fam 5 a aljihu na nufi Peckham, unguwar da 'yan Najeriya suka mayar tamkar gida. Niyyata gari da ƙuli-ƙuli. Ashe abincin talakanmu in ya hau jirgi ya zama na masu hali. Ɗan ƙullin garin da na ɗaga ya nemi ya cinye mini kuɗin kwana biyu. Na ajiye shi cikin girmamawa, na koma babban kanti, can layin ƙasa inda sai ka durƙusa kake ganin kayan araha. Na fito da shinkafa kilo ɗaya, da hatsin da suke damawa da safe, da albasa, da ƙwai shida, da gwangwanayen wake. Mai kuwa, kuɗin sun ƙare kafin in isa wurinsa.

Garau-garau na ƙudurta. Sai dai waken Turawa a cikin ruwan tumatir mai zaƙi yake zuwa. Na zuba shi a matsami na wanke a famfo har sau ba adadi, amma sukarin ya riga ya shiga ƙashinsa. Shinkafa da wake mai zaƙi, ba mai, ba gishirin kirki. Abin da ya rage mini a duniya shi ne kwalbar yajin da Inna ta daka mini da zan taho.

A nan Baturiya ta taka mini birki. Ƙa'idar shirin, in ji ta, duk abin da ya shiga baki sai an lissafa kuɗinsa, ko da gishiri ne, kuma ba a karɓar abincin kyauta. Ruwan famfo kaɗai aka yafe. Saboda haka sai in gano farashin yajin cokali-cokali. Ni kuma da rashin wayo na ɗauki waya na kira gida.

"Kai ɗan nan, yajin da na daka maka da hannuna kake tambayata kuɗinsa? Lafiyarka kuwa?"

Na yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To abincin da ka rage, yaran ake kai wa?" Na ce a'a, mutane ne za su ba da kuɗi saboda na ƙi ci. Ta ce, "Su masu kuɗin, sai sun ga ka rame za su bayar?" Ban sami amsa ba, har yanzu kuma ban samu ba. Abin da Inna ta fahimta daga hirar dai shi ne ɗanta na ƙasar waje yana lissafin yaji. Kafin la'asar Kawu ya ji, kafin magariba Kawu ya kira wani Alhaji ɗan garinmu da ya daɗe a Landan. Ranar Laraba, ina aji ina ganin malami biyu-biyu, saƙon Alhaji ya shigo: gobe akwai walimar suna a gidansa, kuma ba ya son jin uzuri.

Na je da niyyar in yi barka in sulale. Tun daga ƙofa ƙamshin soyayyen naman rago ya tare ni. Tuwon shinkafa, miyar taushe, waina, kunun gyaɗa, zoɓo mai sanyi. Hajiya da kanta ta dire mini tire a gaba.

"Bismillah mana, ɗan samari."

"Alhamdu lillahi Hajiya, a ƙoshe nake."

Cikina ya zaɓi wannan lokacin ya ƙaryata ni da babbar murya. Wani ya ce ko azumin Alhamis nake, aka tuna masa an sha ruwa tuni. Wani ya ce ciwon suga ne, yanzu har yara yake kamawa. Wata tsohuwa a gefe ta ce, ba a hankali ba, wai akwai gidajen da ake hana 'ya'ya cin abincin mutane. Fuskar Hajiya ta canza. A wurinmu ƙin cin abincin suna ba ƙaramin zagi ba ne, dole na fasa ƙwai.

Aka yi dariya har da masu share hawaye, ban da wani likita mutumin Maraɗi. Shi ya yi aiki a can lokacin yunwar 2005, sa'ad da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka yi ta raba wa yara masu tamowa ɗan ƙunshin nan na markaɗaɗɗiyar gyaɗa da madara da sukari da mai. Ya ce ƙunshi ɗaya giram 92 ne, kuma cikin mako shida zuwa takwas yaron da ya kasa zama sai ka ga yana rarrafe. Ya dube ni ya ce, "Malam, taka yunwar ta san ranar tafiyarta, gobe Juma'a. Ta yaran can ba ta da kalanda. Amma kuɗin da kuke tarawa na gaske ne, gyaɗa suke saye." Ni ma ra'ayina ke nan game da shirin: yunwar wasan kwaikwayo ce, kuɗin ne kawai ba wasa ba.

Alhaji ya gyara zama. "Nawa ka tara zuwa yanzu?"

Na faɗa da ƙaramar murya. Bai kai fam 40 ba, kuma rabi alkawari ne na ɗalibai 'yan'uwana, waɗanda su kansu a kan layin talauci suke tun kafin a ƙirƙiro shirin.

Ya zaro fam 100 ya ɗora kusa da tire. "Na yaran ne. Amma sai ka cinye abin da Hajiya ta zuba, ka kuma nemi ƙari."

Na yi lissafi irin na malaman gado. In na riƙe alkawari, yara su tashi da kusan fam 40. In na karya, su tashi da kusan 140. Wane ne ni da zan fifita sunana a kan marayu? Na naɗe hannun riga. Saboda yara na ci tuwon nan, saboda yara na ƙara waina, ƙashin haƙarƙarin ma saboda su na tauna.

Washegari na tarar da Baturiya a ɗakin karatu, idanu sun faɗa, tana shan ruwan zafi ba ganyen shayi. Ta cika kwana biyar ɗinta cif, ba ta ɗanɗana ko alewar wani ba, abin da ta tara kuma bai kai rabin nawa ba. Na ba ta labari ban ɓoye komai ba. Ta daɗe tana kallon takardar lissafi, sannan ta ɗago ta tambaye ni ko Hajiya na da niyyar sake haihuwa daidai lokacin shirin na baɗi.