Harshe Tsakanin Haƙora

Ranar Talatar nan yayata ta ɗora mini aikin da ban nema ba. Wai in raka ɗanta Kasuwar Kurmi ya sayi jakar fata da zai aika wa tsohuwar da ta ba shi masauki a Sifaniya, don kada ya ɓata a lunguna. Yaron da aka haifa a Bakin Zuwo, wanda tun bai iya ɗaura tazuge ba ake aikensa Kurmi sayo kanwa da daddawa, shi ne yau zai ɓata. Zango ɗaya ya yi a Jami'ar Granada yana koyon Sifaniyanci. Zango ɗaya tak. Ko bashin kuɗin jirgin ba a gama biya ba.

Mun ga na Indiya masu kaɗa kai ko a gaban liman. Mun ga na Sudan da suka dawo da jallabiya har ƙasa da shayi sau shida a rana. Mun haƙura da su duka, har mun ba su 'ya'yanmu. Amma na Sifaniya sabon shiga ne, kuma shi da harshe ya dawo. Naman harshen nake nufi, wanda ke cikin baki. Sai ya zaro shi, ya ɗora tsakanin haƙora, ya hura iska. Barcelona ta koma Barthelona. Da a nan abin ya tsaya da na ce tsakaninsa da Turawa ne. Ina! Ya tsallako cikin Hausa. Muna shiga kasuwa ya dubi wani mai ƙwarya ya ce, “Thannu da aiki.”

Mai ƙwarya ya goge fuska da hannun riga, ya dube ni ya ce, “Alhaji, tun yaushe abin ya same shi?”

Kafin mu yi taku ashirin labari ya riga mu gaba. Wata tsohuwa mai sayar da sassaƙe-sassaƙe ta tare mu, ta ce ya buɗe baki. Ya ce, “Kawu, me take tho?” Ta ce shi ke nan, ta gane, sanyi ne ya taru a gindin harshe, a nemi citta da kanumfari da masoro a dafa, ya riƙa kuskurewa safe da yamma. Mai turaren da ke gefenta ya ce ba sanyi ba ne, haƙorin gaba aka cire masa a can aka dasa na roba, ai yana ganin irinsu. Wani da ke zaune a kan benci, ba mai saye ba, ba mai sayarwa ba, irin waɗanda kasuwa ba ta rasawa, ya ce a dai duba da kyau, don aljanu ma akwai Turawa a cikinsu. Sai ga wanzami da zabirarsa a kafaɗa. Shi bai yi gardama da kowa ba. Ya kama haɓar yaron, ya juya ta wajen haske, ya leƙa, ya ce wanda ya cire masa beli ranar suna ya bar saura, kuma in an amince yanzu-yanzu zai ƙarasa aikin, ba zai karɓi ko sisi ba tunda kuskuren ɗan'uwan sana'arsa ne. Wallahi sai da na tsaya na yi nazarin tayin.

Na ja shi gefe na ce, “Kai, ƙasar da ta fi kowace yawan masu jin yaren nan Meziko ce, kuma su ba sa zaro harshe. Duk Kudancin Amurka ba sa yi. Me ya sa kai kaɗai za ka fi masu abu son abinsu?” Ya ce, “Kawu, ba za ka gane ba.” Wannan amsar tana aljihunsa kullum, kusa da waya.

Mutum ɗaya ne a duk faɗin Kurmi ya yi murna da lalurar, wani dattijo a layin masu littattafai. Da ya ji “thannu” sai ya sauke tabarau ya ce, “Masha Allah! Sake faɗa.” Ya sake. Dattijo ya ce wannan ai shi ne harafin nan mai ɗigo uku a sama da malaman tajwidi ke fama da yara a kansa. Na ce ƙwarai kuwa, Malam, shekara da shekaru malamin Islamiyya yana karya bulala a bayan yaron nan don ya fitar da shi, ya ƙi, ashe jira yake a biya masa da Yuro.

Dattijo ya tambaye shi wane gari ya je. Yaron nan, a tsaye ƙiƙam, hannu a aljihu, ko ɗan rusunawa babu, ya ce, “Granada, Baba. Ba za ka than shi ba.”

Nan fa dariyata ta ƙare. Dattijon bai ce uffan ba. Ya miƙa hannu bayansa ba tare da ya waiwaya ba, ya zaro Tuhfatul Hukkam ya ajiye. Ibn Asim ne ya rubuta shi, alƙalin Garnaɗa, wato Granada, ya rasu a 1426, kuma alƙalan ƙasar nan sun daɗe suna yanke hukunci da shi. Ya zaro Ashafa ta Alƙali Iyal, wanda shi ma ya taɓa alƙalanci a garin. Ya zaro Alfiyya ta Ibn Malik, haifaffen Jayyan, nan arewa da Granada kaɗan. Ya ɗora Ishiriniya a sama, ta Alfazazi mutumin Kurɗuba, wadda kakar yaron nan take rerawa tana tankaɗe tun kafin a haifi uwarsa. Sannan ya ce, “Ɗana, wanne daga ciki ka ga kabarinsa ko gidansa?” Shiru. Hoto dai ya ɗauka a fadar Alhambra, yana nan a waya, shi da wata Bajamushiya da tabarau.

Kasuwar nan a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa aka kafa ta, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma a cikin waɗannan shekarun ne, a 1492, Granada ta fita daga hannun Musulmi. Fataken da suka tashi daga nan sun yi Gwanja, sun yi Agadas da Gadamas da Tarabulus, su shekara ba a gan su ba, su dawo da goro da takarda da harsuna uku-uku a baki, su durƙusa su gai da iyayensu. Kai kuwa, yaro, uwarka ta sayar da ɗan kunnen aurenta, ta kwashe adashi biyu, don ka je ka dawo ka ce wa tsoho ba zai sani ba? Tsarabar da ka kawo mata ɗan ƙarfen liƙawa a jikin firij, a gidan da firij ɗin ya zama ma'ajiyar kwanuka saboda rashin wuta.

Muka isa wajen dukawa ina huci. Baduku ya ɗauko jaka ta jar fata, irin fatar akuyar Sakkwato da Maraɗi da raƙuma suka riƙa kaiwa arewa har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce. Ya faɗi kuɗi. Na taya da rabi. Ya ce albarka. Na ƙara kaɗan, na ɓata fuska, na nuna masa wani ɗinki da na ce ya karkace alhali bai karkace ba, na juya kamar zan tafi. Duk wanda ya san ciniki ya san saura ƙiris a sallama. Sai yaron ya danna waya, ya ɗaga murya yadda har maƙwabta za su ji, ya ce, “Kawu, ai araha ce! A can ko abincin rana ba zai thaya ba.” Baduku ya mayar da jakar ƙugiya a hankali, ya ce ashe ma ya yi kuskure, wannan ta musamman ce.

Abin da ya ɗan sanyaya mini rai yaran shagon ne. Da suka ji daga Sifaniya yake, suka yar da almakashi suka kewaye shi. Ba su tambaye shi jami'a ba, ba su tambaye shi yare ba. Ka shiga Bernabeu? A'a. Ka kalli Madrid da Barca ido da ido? A'a, tikiti da tsada. To ko motar 'yan wasa ka gani ta wuce? A'a. Babbansu ya ce, “To me ka je yi?” Suka watse suka bar shi da harshensa a waje.

Daga nan kuma rigima ta koma tsakaninsu. Ɗaya ɗan Madrid, ɗaya ɗan Barca, dukansu ba wanda ya taɓa wuce Kwanar Dangora, amma “mu” suke cewa. Mu muka sayi wane, mu muka kori koci, ku alƙalin wasa kuke saye. Wanda bai karya kumallo ba yana lissafa albashin ɗan wasa na mako har da canji. Na san gidan da wa da ƙane suka daina cin tuwo a kwano ɗaya saboda bugun fanareti. Na ce musu ni dai Pillars nake yi, ƙungiyar da ta ci gasar ƙasar nan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, ga ta nan Sabon Gari, kuɗin adaidaita kawai. Suka dube ni da tausayi. Ƙaraminsu ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya tambaye ni ko ina shan maganin hawan jini a kan lokaci.