Gida Biyar, Gwaji Shida

Tun da aka fitar da sabuwar dokar ƙasa a watan Maris na 2025, wadda ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta kuma jera Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, Ingilishi ya yi farin jini a Nijar. Mu ƴan Tagriss, da muka sha bulalar mushe a lakwal kafin mu bambance "le" da "la", yanzu ga wani baƙon yana sallama a ƙofar gida. Salula kuwa, in dai rezo ya kama, ba ta rasa maganin kowace cuta: wai ka haddace jerin kalmomi masu harafi biyar da suka yi tarayya a wasu haruffa, ka riƙa buga wasan Wordle kowace safiya, kafin a yi shuka ka zama Bature. Ni dai na ce haddar siffar kalma daban, jin harshe daban.

Wasan kansa ba shi da laifi. Josh Wardle, wani injiniyan kwamfuta ɗan Wales, shi ya sake shi ga jama'a a Oktoban 2021, jaridar New York Times ta saye shi a Janairun 2022. Kalma ɗaya ake ɓoyewa a rana, gida biyar, gwaji shida. Harafin da ya faɗa gidansa ya yi kore, wanda ke cikin kalmar amma ya ɓata hanya ya yi ruwan ɗorawa, bare kuma ya yi ruwan toka. To, a ce ni ne zaune a fada, shayin fari bai ko tafasa ba, a gwaji na biyu na rubuta light, gidaje huɗu na ƙarshe suka yi kore shar. Dole in gyara zama, in kalli abokai da gefen ido. Saura harafi ɗaya tak, ga gwaji huɗu a hannu. In jefa night, shiru. In jefa might, shiru. In jefa fight gumi na keto mini, in rufe ido in jefa right, wasa ya tashi, alhali sight da tight da eight na can a layi ba a ko kira su ba. Haddar da na yi ita ce ma ta ƙara mini yawan ƙofofin da zan ƙwanƙwasa a banza. Wannan canki-canka ne. Kuma da na dace na ci, allon ba zai tambaye ni ma'anar ko ɗaya daga cikinsu ba.

Babban tarkon yana wajen furuci. Bahaushe ya saba da rubutun boko, inda abin da ido ya gani kusan shi baki ke faɗa, in ka ɗebe tsawon wasali da karin sauti da ba mu rubutawa. Sai ya ɗauka kowa haka yake da amana. Ga kalmomi biyar, kowace harafi biyar, duk da wutsiya ɗaya: cough, rough, tough, dough, bough. Ta farko "kof" ake cewa, tari ke nan. Ta biyu "raf", kaushi. Ta uku "taf", tauri. Ta huɗu "do", kwaɓin burodi. Ta biyar "bau", reshen itace. Kama da wane ba ta wane. Dalili kuwa tsoho ne: William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Ingila a 1476, rubutu ya fara daskarewa a takarda, baki kuma ya ci gaba da tafiyarsa. Waɗannan g da h da ake furtawa can a maƙogwaro a da, wani wuri suka koma f, wani wuri suka mutu aka ƙi binne su. Wanda ya koya da ido kaɗai, ranar da tari ya kai shi gaban likita mai jin Ingilishi, zai dafe ƙirji ya shaida masa cewa kwaɓin burodi ne ya hana shi barci.

Za a ce mini, ai maƙwabtanmu sun ci duniya da gajerun kalmomi. Gaskiya ne: Wellington Jighere na Najeriya ya lashe gasar duniya ta Scrabble, wasan haɗa kalmomi, a birnin Perth na Ostareliya a 2015, shi ne ɗan Afirka na farko da ya yi haka, kuma an san ƴan wasan Najeriya da dabarar fifita gajeriyar kalma a kan doguwa. Na cire masa hula. Sai dai a wannan shekarar ce Nigel Richards, mutumin New Zealand, ya je Beljiyam ya lashe gasar Scrabble ta Faransanci, alhali ba ya jin Faransanci. Haddace ƙamus ya yi cikin ƴan makonni. Da za a sauke shi a tashar Dakoro a ce ya nemi motar Maraɗi da Faransancinsa, da yaron mota ya fi zakaran duniya.

Wani kuma zai ce ko ba komai ɗan kolej mai shirin jarrabawar BEPC zai gyara rubutunsa. Wannan na yarda, rabi. Yaron da ya sha kaye a kan g da h ba zai sake mantawa da su ba. Amma a duba kalmomin da Ingilishi ya fi amfani da su: the, of, and, to, in, a, is. Babu mai harafi biyar a cikinsu, don haka wasan ba zai taɓa kawo su ba ko an shekara goma ana yi, su ne kuwa ke ɗaure magana. In na cika buhu da house da horse da mouse da nurse, na tari baƙo zan yi masa bayani, abin da zai ji shi ne gida, doki, ɓera, ma'aikaciyar asibiti. Shi zai zauna ya yi ta lissafin wa ya ciji wa.