Sarkin Rauta da Talakawansa

A Masar intanet ɗin gida da awo ake sayar da shi: gigabait kaza a wata, in ya ƙare layi ya koma rarrafe. Shi ya sa a gidajen haya na Madinat Nasr da ke Alƙahira, inda ɗaliban Azhar 'yan Kano da Maraɗi ke karo-karon kuɗin data, ba a rasa Sarkin Rauta. Dokarsa ɗaya ce: kowa ya kawo lambar MAC ta na'urarsa a sa a jeri, wanda ba ya ciki ya sha iska. A ganina wannan doka halin mutane take tonawa, data kuwa ba ta tsare ko gigabait ɗaya.

Lambar ba ta da wuya: alamomi 12 ne, biyu-biyu sau shida, kuma a Windows umarnin getmac ko ipconfig /all yana fito da ita. Amma ga Gaggawa, wanda ke turo 192.168.1.5 ya ce an gama, alhali wannan adireshin IP ne da rauta ke ba shi aro. Ga Mai Kifa Kwamfuta, wanda ke karanto lambar siriyal daga takardar ƙasanta. Ga Alaramma, mai rubutu kamar na allo, ya kwafe lambar tsaf har da harafin O, bai san haruffanta daga A zuwa F suka tsaya ba. Mai Zargi kuwa sai ya ce, "Malam, me za ka yi da ita?", ya riƙe abarsa. Mafi ban tausayi shi ne wanda ya bi ƙa'ida, amma kwamfutarsa na da katin waya da na Wi-Fi da na Bluetooth, kowane da lambarsa, ya miƙa ta Bluetooth.

Sarki zai ce ai ko banza an kori maƙwabta. Kalmar sirri mai ƙarfi ta riga ta kore su, kuma wanda ya iya fasa ta, aron lambar wani a minti biyu zai yi. Ga shi tun Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020 wayoyi kan nuna wa rauta lambar bogi, don haka mai gaskiya ne ke kwana ba layi. Wanda ya cinye data kuwa Shiru-shiru ne, na farko a jerin, mai sauke finafinan Kannywood da ƙarfe uku na dare.