Amfanin Bawa na Ashirin

A watan Afrilun 1862, gwamnatin jihohin kudancin ƙasar Amurka da suka ɓalle suna yaƙi da jihohin Arewa, wadda ke zaune a birnin Richmond, ta lura cewa masu son mutuwa don raɗin kansu sun fara ƙaranci. Sai ta kafa doka cewa duk namiji farar fata daga shekara 18 zuwa 35 soja ne, ko ya so ko ya ƙi. A watan Satumba aka ɗaga zuwa 45, don kada dattawa su ga an raina su.

Ranar 11 ga Oktoba aka yi wa dokar ƙofar baya. Duk gandun da ke da bayi 20 ko fiye, an yafe wa farar fata ɗaya a cikinsa zuwa fagen fama, ko mai gandun ko sarkin gandu.

Dalilin a bayyane yake. Shekara da shekaru masu gandun auduga suna shaida wa duniya cewa bayinsu na cikin jin daɗi, suna ƙaunar iyayen gijinsu kamar ransu. To, jin daɗi irin wannan abu ne mai laushi ƙwarai, sai an sa mai bulala da bindiga ya kwana yana gadinsa. Ga kuma shugaban Amurka Abraham Lincoln, wanda ranar 22 ga Satumba ya yi shelar cewa daga farkon 1863 bayin jihohin tawaye sun zama 'ya'ya. An ji tsoron kada labarin ya kai gona ya ɓata wa bayin farin cikinsu.

Lissafin kuwa ko yaron da bai sauke allo ba zai iya. Mai bayi 20 ya zauna gida ya sha inuwa. Mai 19 ya ɗauki bindiga. Sai dai doka ba ta rasa tausayi ba: in gonaki biyu ba su wuce mil 5 tsakaninsu ba, aka haɗa bayinsu suka cika 20, wanda ya fi tsufa cikin masu gonakin ko masu tsaronsu shi ne ya tsira. Nan aka ga ranar maƙwabtaka.

Shi kuwa talakan da ba shi da bawa ko ɗaya, kuma irinsa ne suka fi yawa cikin fararen Kudu, an ba shi babban matsayi. Shi zai je ya tari harsashi don kada bayin wani su ragu. Albashinsa dala 11 a wata. Wasu ba su gane girman wannan alfarma ba, suka riƙa gunaguni wai yaƙin na mai kuɗi ne, fafatawar ta talaka. A gundumar Jones ta jihar Misisipi, wani Newton Knight ya sulale daga rundunar, ya tara irinsa a fadama, suka juya bakin bindigarsu kan gwamnatin.

Gwamnati mai sauraron jama'a ce. A watan Mayun 1863 ta gyara dokar, ta ce sai an biya dala 500 a shekara kafin a bar sarkin gandu a gida. Kuɗin ba wani abu ba ne, sojan da ya ɗaure cikinsa bai ci bai sha ba zai tara su a wata 46. A Fabrairun 1864 aka sake duba koken talakawa, aka sauko da adadin daga 20 zuwa 15, da sharaɗin mai gandu zai sayar wa gwamnati laba 100 na naman alade da laba 100 na naman sa kan kowane bawa mai ƙarfi. Wato aka bar shi ya yi yaƙinsa daga mahauta.

Wuri ɗaya kawai lissafin ya riƙa yoyo: abin da ake ƙirgawa yana da ƙafa. Duk inda sojan Arewa suka matso, bayi kan bi dare su tafi sansaninsu, dubbai kuma suka sa kaki suka dawo da bindiga. Sarkin gandu ya kwanta da 20, gari ya waye ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya ga 19.