Wai Jabo Ba Ta Da Kulob Ɗin Babura?

To 'yan birni, dariyarku ta iso. Don kawai an ce mu ma a Jabo muna da ayarin mahaya babura masu fita tafiyar yini guda, shi ne wani ya tambaya ko jakuna ake nufi. Wani kuma, da ganinsa ya sha kallon bidiyo a waya, ya ce sai an nuna masa rigar fata, da hular kwano mai gilashi, da dutsen da ake hawa. Madalla. Ku gyara zama.

Na san inda hankalinku ya tafi. Turawan Amurka kuke hange, masu Harley-Davidson, waɗanda tun 1938 suke taruwa a garin Sturgis suna kewaya tsaunukan Dakota ta Kudu. Ko kuwa 'yan Legas da Abuja masu manyan baburan nan da ƙararsu ke tayar da jariri daga barci, su fita ranar Asabar, su ci abinci a wani gari, su ɗauki hoto, su juyo. Mu abin da ke fitar da mu ɗaurin aure ne.

Idan ɗan gari zai ɗauro aure a wani ƙauyen ƙasar Tambuwal ko can cikin Kebbe, ba rajista, ba katin zama ɗan ƙungiya. Abokan ango su zagaya, 'yan kabu-kabu su jingine sana'a ta yini ɗaya, kafin hantsi ƙofar gida ta cika da Boxer da Jincheng da Haojue. Kanawa kada ku sa baki a nan, tun 2013 aka hana ku acaba. Tsarin tafiyar ma ba wanda ya rubuta shi, amma ba a saɓa masa. Wanda ya san hanya shi ne a gaba. Waliyyin ango da liman suna tsakiya a goye, an ba su matuƙan da suka fi natsuwa. Can ƙarshe akwai mai ɗan sanin kanikanci, da fulogi da famfo da kayan faci a jaka, don kada a bar kowa a daji. Turawan naku sai sun yi taro sun naɗa wa waɗannan ayyuka muƙamai.

Maganar dutse kuwa, na ba ku gaskiya rabi. Ba mu da Kwatarkwashi, tsaunukanmu na marmara gajeru ne. Amma ku sauka daga kwaltar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Bodinga da Shagari da Tambuwal zuwa Jega, ku shiga hanyar ƙauye, sai mu yi magana. Dutse ai a tsaye yake wuri ɗaya, kana ganinsa tun daga nesa. Rairayi shi ne munafuki. Ka taɓa birkin gaba, tayar ta nutse, kai da babur ku rungumi sabara. Ka saki totur don tsoro, ka kafe. Sai dai ka sauke giya, ka matsa baya, ka bar kan babur ya yi ta rawa a hannunka kamar ɗan akuyar da ake ja zuwa kasuwa, kai kuma kana ba shi wuta a hankali. Duk wannan fa da dattijo a bayanka, cikin babbar riga, ya rungume ƙunshin goro, yana yi maka faɗa a kunne: "Kai yaro, bi sannu, ba ni aka yi ma arme ba!" Da damina kuma kwazazzabo ya buɗe baki inda jiya hanya ce, lakar fadamun Gulbin Zamfara ta riƙe taya, wani wurin ma sai an ɗora babur a kwalekwale.

A 2022 Kunle Adeyanju ya tuƙo babur daga Landan har Legas don yaƙi da shan-inna, kuma mun jinjina masa. Sai dai fa bai goyo kawun ango ba.

Kuɗin mai ne ya rage mana tsawon layi. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, sai an yi karo-karo kafin a tayar da inji, kuma duk gangarar da aka samu a kashe babur take, har a iso wurin ɗan bumburutu a ƙara kwalba ɗaya.

Akwai inda zolayar ke tsayawa. A da, ƙauye ya hango ƙurar babura, yara ne ke rugowa tarya. Yanzu mata ne ke kwashe yaran su yi ɗaki, domin 'yan bindiga ma a jere suke tafe, a kan irin baburan nan namu. Shi ya sa a 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta hana goyon mutum uku da sayar da fetur a jarka. Yau mai hankali ba ya jan ayari sai ya buga wa maigarin da za a ratsa waya. A bakin gari kuma 'yan banga su tare: "Ku su wa na? Ina za ku?" A amsa da ladabi: "Baba, 'yan ɗaurin arme na." Da an shafa fatiha, an sha fura, sai a juyo, don ba mai son magariba ta riske shi a hanya. Ku nuna mini kulob ɗin Abuja da ke neman izinin maigari kafin ya wuce.

Mai shakka har yanzu ya zo bayan girbi, lokacin da gero ya shiga rumbu, samari suka samu na sadaki. Ya zo da kuɗin mansa, mu za mu ara masa Boxer. Sharaɗi ɗaya ne: duk wanda rairayi ya fara kayarwa, shi zai saya wa ayari rake.