Gahawar Manyan Mutane

Likita bai rubuta mini gahawa ba, malami ma bai ce sunna ce ba. Wani taron bita ne aka kai mu a wani otal a Abuja, na ga manyan daraktoci suna danna maɓalli, inji ya yi gurnani, ya tsiyayo musu baƙin ruwa mai kumfa a ɗan mitsitsin kofi. Na kurɓa, ɗaci ya kai mini har ƙeya. Amma da na ga kowa yana gyaɗa kai, ni ma sai na gyaɗa. Kafin in dawo Kano, mai shayin bakin layinmu ya riga ya faɗi warwas a idona, shi da gwangwanin Nescafé ɗinsa.

Na duƙufa bincike a waya, har na zama malami. Na san wata Bajamushiya, Melitta Bentz, ita ta fara tace gahawa da takarda a 1908, da takardar shanye tawada ta ɗanta. Na san Alfonso Bialetti na Italiya ya fito da tukunyarsa mai kusurwa takwas a 1933. Na san 'yan ƙwanson gahawar nan na Nespresso sun bayyana a 1986. Duk wannan na karanta wa uwargida da daddare. Ta saurara tsaf, sannan ta ce, "Maigida, gas fa ya kusa ƙarewa."

Na fara da shagon kayan gwanjo a Sabon Gari. Mai shagon ya shafa wani inji mai sheƙi, ya ce, "Alhaji, wannan daga Amurka kai tsaye, baturiyar ko sau goma ba ta kunna shi ba." Fulogin bai shiga soket ɗinmu ba, sai ya haɗa mini da adafta kyauta, abin da ya kamata ya sa ni zargi, don mutumin nan ko leda ba ya bayarwa kyauta. A gida na tara yara su ga abin tarihi. Na jona. Injin ya yi wata 'yar ƙara, ya ce fat, hayaƙi mai warin roba ya turnuƙe falo. Autana ya yi tafi, ya ce a sake.

Mai gyara ya juya shi, ya nuna mini wani rubutu a gindinsa. "Yallaɓai, wannan wutar 120 yake ci, irin ta Amurka. Tamu 230 ce. Ai ɗure ka yi masa." Ya saye gawar a kuɗin da bai kai na Keke Napep ɗin da ya kawo ni ba.

Na biyu sabo ne fil a kwali, mai 'yan ƙwanso, kuma na duba gindinsa sau da yawa har mai shagon ya fara kallona. Wutarmu yake ci. Abin da ban tambaya ba shi ne yawan cin. Injin da zai tafasa ruwa cikin ƙasa da minti guda yana jan wat sama da 1,200, ɗan janaretanmu kuwa ko 1,000 bai kai ba. Da safe babu wuta, na tayar da janareta, na danna maɓalli. Janareta ya yi tari, ya yi kakari, ya yi shiru, fanka ta bi shi.

Sai na koma jiran wuta, ita kuwa a layinmu ba ta zuwa sai tsakar dare. Da an ji yara a maƙwabta sun yi ihu, gidan kowa ya tashi: wannan guga, wancan cajin waya, wani janyo ruwa zuwa tanki. Ni kuma ga ni a kicin da gajeren wando ina haɗa gahawa. Wanda ya sha gahawa mai ƙarfi ƙarfe biyun dare ya san sauran labarin. Na ƙirga silin, na ƙirga bashin da ake bi na, na ji kiran sallar farko idona biyu. Liman har ya yaba mini a bainar jama'a, wai na zama na sahun gaba. Da 'yan ƙwanson da suka zo cikin kwalin suka ƙare, na tambayi kuɗin wasu, na tarar kofi ɗaya ya fi shayi da burodi da ƙwai tsada. Yanzu injin yana saman firij, an lulluɓe shi da kyalle kamar amarya.

Tukunyar Italiya da na saya bayansa ita ce ta san halin da muke ciki. Ba ruwanta da lantarki: ruwa a ƙasa, gari a tsakiya, ka ɗora a wuta, tururi ya turo ruwan ya ratsa garin ya hau sama. Wani abokin aikina mutumin Gembu ya kawo mini 'ya'yan gahawa daga tsaunin Mambila, inda ake nomanta a ƙasar nan tamu, muna nan muna sayen ta gwangwani. Na soya su da kaina. Saura niƙa. Na aiki yaro wajen mai injin niƙa na unguwa, wanda ashe bai daɗe da gama niƙa wa wata mai jego yaji ba.

A ranar Kawu ya zo, dattijon da ya yi shekaru a Sudan cikin 'yan'uwanmu Hausawan can. Na zuba masa, na zuba wa kaina. Kurɓar farko citta ta gaishe ni, barkono ya biyo baya, masoro ya rufe ƙofa. Hawaye na zuba, ina neman hanyar ba da haƙuri, sai na ga Kawu ya lumshe ido. "Jabana!" ya ce. "Ɗana, rabona da irin wannan tun Omdurman. Can ma da citta ake yin ta. Ƙaro mini." Ya shanye tukunyar, ya ce gobe in sa sukari da yawa, kuma zai zo da abokinsa.

Na ƙarshe da na saya shi ne na gilashin nan mai matsewa, wanda ake zuba gari da ruwan zafi, a jira minti huɗu, a danna rariya ƙasa. Shi kam ba wuta, ba janareta, ba hayaƙi. Sau ɗaya na yi amfani da shi. Washegari na neme shi na rasa, sai na gan shi a firij, ja wur. Uwargida ta gano babu abin da ya kai shi tace zoɓo, ko ɗigon tsaki ba ya wucewa. Ranar Juma'a kuma tsamiyar kunu ta jiƙa a ciki.

Na buɗe baki zan yi magana, ta riga ni. "Maigida, wannan karon kam ka iya sayayya. In ka koma kasuwa ka duba ko akwai babbansa, bikin ƙanwata ya matso."